Gwanayen Gocewa da Ramuwa: 'Yan Damben Welta da Tarihi Ya Yi wa Rowa

Duk inda masoya damben zamani suka zauna musun wane ne gwanin gwanaye a ajin welta, sunayen da ake jerawa ba su da yawa. Wani ya ce Sugar Ray Robinson. Wani ya kawo Henry Armstrong, wanda a 1938 ya riƙe kambun aji uku a lokaci guda. Waɗanda suka taso a shekarun 1980 su ce Sugar Ray Leonard da Thomas Hearns, matasa kuma su kafe a kan Floyd Mayweather da Manny Pacquiao. Duk cikinsu babu na yarwa, kowa ya ci sunansa. Amma akwai wasu mazaje da suka yi aiki a wannan aji waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai musu ya yi nisa: Charley Burley, José Nápoles, Luis Rodríguez, Emile Griffith da Kid Gavilán. Abu ɗaya ya haɗa su, wato wata fasaha da ido ba ya saurin kamawa. Sun iya sa abokin karawa ya kai naushi ya sami iska, sannan su saka masa tun bai mayar da hannunsa ba. A ganina wannan fasaha ita ce ainihin dambe, kuma rashin fahimtarta ne ya sa aka tauye wa waɗannan mutane matsayinsu.

Ajin da kuskure ke da tsada

Ɗan damben welta ba ya wuce fam 147 a kan sikeli, wato kilo 66 da ɗan ɗoriya. Nauyin madaidaicin mutum ke nan, shi ya sa ajin bai taɓa rasa cunkoson gwanaye ba. A azuzuwan da ke ƙasa da shi hannu na da sauri, amma sau da yawa mutum zai sha naushi goma ya ci gaba da tsayuwa. A ajin manya masu nauyi kuwa naushi ɗaya kan gama magana, sai dai jiki na da nawa, kuma ana iya hango hannu tun daga nesa. A welta abubuwan biyu suke haɗuwa: hannu yana zuwa kamar walƙiya, kuma idan ya sauka yana kwantar da mutum. Wanda ya yi sakaci na ƙiftawar ido sai ya ji alƙalin wasa yana ƙirga masa.

A zamanin da yawancin mutanen nan suka yi tashe, manyan azuzuwan dambe takwas ne, kuma kowane aji zakara ɗaya yake da shi a duniya. Damben kambu turmi 15 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Minti 45 ke nan mutum yana gaban wanda ke neman kansa. Ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen irin wannan tafiya. Dole sai da lissafi, da tattalin numfashi, da sanin inda za a tsaya.

Yadda aikin yake

Tushen komai shi ne tazara. Tsakanin 'yan dambe biyu akwai wani layi da ba a gani: wanda ya tsallaka shi, hannun abokin karawarsa zai iya kai masa, wanda ya tsaya bayansa da taki guda, ya tsira. Gwani yakan yi zamansa daidai bakin wannan layi, yana shiga yana fita da rabin taki. Duk wanda ya taɓa kallon dambenmu na gargajiya ya san hoton. Ɗan dambe yakan miƙa hannun da ba a ɗaure ba, tafi a buɗe, yana auna nisan abokin karawa yana kuma tare masa gani, shi kuwa hannun da aka naɗe da zare yana can baya yana jiran sa'a. A damben zamani naushin hannun gaba, wanda ake kira jab, shi ke yin wannan aiki. Da shi ake awo, da shi ake tsokana, da shi ake rufe wa mutum ido kafin babban hannu ya biyo baya.

Sai gocewa. Sabon shiga idan ya ga naushi na zuwa yakan yi tsalle baya ko ya dunƙule ya rufe fuska da hannu biyu. Ya tsira, amma ya bar wurin da zai iya ramawa, kuma ya ƙona ƙarfinsa a banza. Gwani kansa kawai yake kawarwa, gwargwadon faɗin safar hannu, ta hanyar ɗan lanƙwasa gwiwa da juya ƙugu. Naushin ya wuce ta gefen kunnensa, har yakan shafi gashinsa. Ƙafafunsa suna nan inda suke, idonsa bai bar ƙirjin abokin karawa ba, hannayensa biyu kuma babu abin da ya riƙe su.

A nan ne ramuwa take shigowa. Duk mai kai naushi yana buɗe wata ƙofa a jikinsa. Idan ya miƙa hannun dama, haɓarsa ta wannan gefe da haƙarƙarinsa sun zauna babu mai gadi har sai hannun ya dawo. Nauyinsa kuma ya riga ya koma kan ƙafar gaba, ba shi da damar janyewa. Naushin da ya same shi a wannan lokaci ninki biyu ne, domin ƙarfin mai bugu ya haɗu da nauyin jikin wanda ake bugu yana tahowa. Kuma naushi ne da bai gani ba, wanda 'yan dambe suka daɗe da sanin shi ne mai kayarwa. Idan ramuwar ta hagu ce ta sauka a ƙasan haƙarƙarin dama, inda hanta take, mutum zai ji ƙafafunsa sun ƙi shi ko da hankalinsa na nan garau.

Abin da ke ɗaure duk waɗannan shi ne karatun abokin karawa. A turmi biyu ko uku na farko gwani tambayoyi yake yi. Ya ɗan girgiza kafaɗa kamar zai kawo hannu, ya ga ina mutumin zai kare. Ya taka ƙafa da ƙarfi, ya ga ko zai ja da baya ko zai mayar da martani. Ya lura ko yana sauke hannun hagu bayan jab, ko yana jan numfashi kafin ya kai hari. Kowane mutum na da ɗabi'ar da ba ya iya bari, musamman idan ya gaji. Zuwa turmi na shida gwani ya gama haddace ta, daga nan sai ya riƙa ɗana tarko: ya bar fuskarsa a buɗe da gangan domin ya jawo naushin da ya riga ya shirya wa amsa.

Matsalar wannan fasaha ita ce 'yan kallo naushin da ya sauka suke yi wa shewa. Wanda ya wuce ta gefen kunne ba ya ƙara, ba ya fitar da jini, kuma daga kujerun baya ma sai a ɗauka ya samu. Wani lokaci har alƙalai masu ba da maki sukan ruɗu, su fifita mai yawan kai hari a kan mai yawan samu. Wannan shi ne harajin da gwanayen gocewa suka yi ta biya.

Charley Burley, wanda zakaru suka guje wa

An haifi Burley a 1917 a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya yi sana'arsa daga birnin Pittsburgh tsakanin 1936 da 1950. Ya yi nasara sau 83, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa gamawa da shi kafin ƙarshen lokaci ba. Duk da haka ko sau ɗaya ba a ba shi damar neman kambun duniya ba.

Labarinsa da Fritzie Zivic ya isa misali. Sun kara sau uku a 1938 da 1939, Zivic ya ci na farko, Burley ya ci biyun da suka biyo. Sai ɓangaren Zivic suka sayi kwantiragin Burley, ya zamana su ke da ta cewa a kan wanda zai kara da shi. A 1940 Zivic ya ƙwace kambun welta daga hannun Henry Armstrong, mutumin da ya doke shi sau biyu kuwa yana gefe yana kallo. Da ƙofar welta ta rufe, Burley ya riƙa hawa sama yana neman abin kai wa baka a wurin waɗanda suka fi shi jiki. A 1942 ya kara da J.D. Turner, ɗan ajin manya wanda ya fi shi da kusan fam 70, ya kuma gama da shi kafin lokaci. A 1944 ya haɗu da Archie Moore a Hollywood, ya kai shi ƙasa sau da dama, ya ci shi da maki babu gardama. Moore ɗin nan shi ne ya zama zakaran duniya na ajin da ke ƙasa da na manya a 1952, kuma har ya tsufa yana faɗin cewa a cikin duk waɗanda ya kara da su babu kamar Burley. Eddie Futch, wanda ya horar da Joe Frazier da Larry Holmes, shi ma ya sha faɗin cewa bai ga ɗan damben da ya haɗa komai kamarsa ba.

Fim ɗin dambensa da ya rage a hannun jama'a shi ne na karawarsa da Oakland Billy Smith a 1946, kuma duk mai son sanin wannan fasaha ya kamata ya zauna ya kalle shi a tsanake. Burley yana tsaye a karkace, nauyinsa a kan ƙafar baya, hannun hagu a sake can ƙasa wajen ƙugu, kamar wanda bai damu ba. Smith, wanda ya fi shi girma, yana ganin fuska a buɗe sai ya kawo hannu. Burley ya ɗan kwanta baya, naushin ya ƙare tafiyarsa a iska gab da hancinsa, kafin Smith ya farga hannun dama ya zo masa ta saman kafaɗa. Sannan Burley ya zame gefe, ya koma tsayuwarsa ta ɗazu kamar ba abin da ya faru. Babu tsalle-tsalle, babu motsin da ba shi da dalili.

Burley na cikin wani rukunin baƙaƙen 'yan dambe na shekarun 1940, irin su Holman Williams da Cocoa Kid da Lloyd Marshall da Eddie Booker, waɗanda masu riƙe da kambu suka ƙi kusanta, sai aka bar su suna cin junansu. Shi da Williams kaɗai sun kara sau bakwai. Wariyar launin fata na cikin dalilan, haka ma 'yan daba masu juya harkar dambe a wancan zamani, ga kuma lissafin masu shirya wasa: mutum ne mai hatsarin gaske, salonsa kuma ba ya cika zaure da 'yan kallo. Da ya ajiye safar hannu, aikin kwashe shara ya kama a Pittsburgh. An shigar da sunansa zauren girmama gwarzayen dambe na Canastota a 1992, shekarar da ya rasu.

José Nápoles, dambe cikin natsuwa

Idan Burley ya nuna yadda ake gocewa ana ja da baya, Nápoles ya nuna yadda ake gocewa ana matsowa. An haife shi a Santiago ta ƙasar Kyuba a 1940. Da gwamnatin Fidel Castro ta haramta damben kuɗi a farkon shekarun 1960, sai ya koma Meziko ya mai da ita gida. Shekarun ƙuruciyarsa a azuzuwan da ke ƙasa da welta ya yi su, yana ta kayar da mutane ba tare da an ba shi damar kambu ba. Sai da ya kai shekara 29 damar ta zo, a ajin da a gaskiya ya ɗan fi ƙarfin jikinsa.

A watan Afrilun 1969, a Inglewood ta jihar Kalifoniya, ya fuskanci zakara Curtis Cokes, wanda shi kansa gwanin ramuwa ne mai kyakkyawan hannun dama. Abin da Nápoles ya yi a daren nan darasi ne. Yana takowa a hankali, ƙafa a ƙasa, kafaɗu a sake, kansa yana ɗan lilo hagu da dama. Cokes ya sako jab, Nápoles ya sunkuya ta ƙarƙashinsa, ya ɗora hagu a haƙarƙari, hannun bai dawo ba ya sake ɗaga shi zuwa muƙamuƙi, dama ta biyo baya ta tsakiya. Naushi uku ko huɗu a jere, kowanne yana buɗe wa na bayansa hanya, kuma babu wanda aka yi da gaggawa. Fuskar Cokes ta kumbura har idanunsa suka kusa rufewa, aka tsayar da wasan bayan turmi na 13. Da suka sake haɗuwa bayan wata biyu a birnin Meziko, turmi goma ya ishe shi. A watan Oktoba na shekarar ya ci Emile Griffith da maki a turmi 15.

Rauninsa ɗaya ne: fatar girarsa ba ta da jure bugu, da an taɓa sai ta tsage. Wannan ne ya sa ya rasa kambun a hannun Billy Backus a watan Disambar 1970, ya kuma karɓo abinsa bayan wata shida. In ban da wannan ɗan tsakani, shi ne sarkin welta daga 1969 har zuwa Disambar 1975, lokacin da John H. Stracey na Ingila ya doke shi yana ɗan shekara 35. Ya kare kambun fiye da sau goma. Mutane da yawa ba su san shi ba sai ta dalilin kayen da ya sha a hannun Carlos Monzón a Paris a 1974, alhali a ranar ya hau ajin da ba nasa ba ne, ya tari dogon mutum mai ƙarfi wanda ke cikin manyan zakarun wancan aji a tarihi. Auna shi da wannan dare zalunci ne.

Griffith da Rodríguez, turmi 55 babu rata

Emile Griffith ɗan tsibirin St. Thomas ne, a wata masana'antar huluna a New York yake aiki kafin a kai shi wurin mai horarwa Gil Clancy. Ya riƙe kambun welta sau uku. Ba shi da wani makami ɗaya da ake tsoro, amma babu abin da bai iya ba: dambe daga nesa, dambe ƙirji da ƙirji, riƙe mutum a jikin igiya, da raba ƙarfinsa daidai a kan turmi 15. Abin takaici shi ne da an ambaci sunansa sai a tuna da daren 24 ga Maris 1962, lokacin da Benny Paret ya suma a hannunsa, ya rasu bayan kwana goma. Wannan musiba ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ta kuma rufe shekaru da dama na aikin gwaninta da ya yi bayanta.

'Yan Najeriya na da ma'aunin da za su gane girmansa da shi. A watan Afrilun 1966 Griffith ya hau aji na gaba ya kara da ɗan Najeriya Dick Tiger a Madison Square Garden, Tiger yana riƙe da kambun duniya kuma ya fi shi da kusan fam goma. Tiger mutum ne mai ƙarfin gaske da ba a iya turawa baya. Griffith bai yarda ya tsaya musayar hannu da shi ba, ya riƙa zagaya shi yana shiga yana fita, har ya kai shi ƙasa a turmi na tara, ya karɓe kambun da maki. An yi ta gardama a kan hukuncin, amma a tuna cewa Tiger ɗin nan kafin shekarar ta ƙare ya hau aji na sama ya ƙwace kambu daga hannun José Torres. Wanda ya iya tsayawa da irin wannan mutum turmi 15 yana ƙaramin jiki, ba a yi masa kallon na baya.

Luis Rodríguez kuwa, ɗan Camagüey ta Kyuba, shi ne wanda aka fi zalunta a cikin littattafan tarihi. Siriri ne mai dogayen hannaye, ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana zuba naushi a ciki da haƙarƙari kamar ba ya gajiya. A Miami yake atisaye a ƙarƙashin Angelo Dundee, a zauren da wani saurayi mai suna Cassius Clay yake koyon sana'a yana kallonsa. Ya yi nasara sau 107. Ya kara da Griffith sau huɗu tsakanin 1960 da 1964, turmi 55 jimilla. Ya ci ɗaya da amincewar duk alƙalai, ya faɗi uku, kuma a duka ukun alƙalan rabuwa suka yi, biyu da ɗaya. Da alƙali guda ya karkata a biyu daga cikin waɗannan darare, da labarin shekarun 1960 ya sauya baki ɗaya.

Ko nasarar tasa ma ba ta zo masa da sa'a ba. Ranar 21 ga Maris 1963 da ya ci kambun a filin Dodger na Los Angeles, a wannan dandali ne Davey Moore ya ji raunin da ya yi ajalinsa a karawarsa da Sugar Ramos, sai hankalin duniya ya koma can. Kambun bai cika wata uku a hannunsa ba. Bayan haka ya riƙa cin manyan aji na gaba, ya doke Rubin Carter sau biyu a 1965, kuma a 1969 a birnin Rum yana ba Nino Benvenuti wahala ƙwarai kafin naushin hagu guda ya kwantar da shi a turmi na 11.

Gavilán da waɗanda suka biyo sawu

Kid Gavilán, shi ma ɗan Camagüey, ya shiga fage sau 143 ba a taɓa yi masa bugun kwaf ɗaya ba. An fi saninsa da naushin bolo, wanda yake wulwulo hannu daga ƙasa, amma wannan ado ne kawai na jan ido. Ainihin gwanintarsa ita ce sarrafa lokaci: ya huta a tsakiyar turmi yana gocewa, ya tashi da ruwan naushi a ƙarshensa. Ya yi rashin sa'ar tasowa a zamanin Robinson, wanda ya ci shi da maki a 1948 da kuma 1949, amma ya tsaya masa turmi 15 cur a Philadelphia. Ya hau karaga a 1951, ya kare ta har da doke Carmen Basilio a 1953, sannan a 1954 aka ba Johnny Saxton nasara a kansa a wani hukunci da mafi yawan 'yan jaridar da ke wurin suka ƙi yarda da shi. Manajan Saxton, Blinky Palermo, sanannen ɗan ƙungiyar masu laifi ne.

Fasahar ba ta mutu da su ba. Marlon Starling na Hartford, mai kare fuska da hannu biyu yana tare naushi da gwiwar hannu, ya kwantar da Mark Breland, gwarzon Olamfik na 1984, a turmi na 11 a 1987, ya kuma wargaza Lloyd Honeyghan a 1989. Daga nahiyarmu akwai Ike Quartey na unguwar Bukom a Accra, wanda jab ɗinsa ke da nauyin babban hannu. Ya ci kambun WBA a 1994 a hannun Crisanto España, ya riƙe shi shekaru, kuma a watan Fabrairun 1999 ya kai Oscar De La Hoya ƙasa a Las Vegas kafin alƙalai su rabu biyu da ɗaya a ba De La Hoya. Har yau akwai masu ganin Quartey ne ya ci.

Ina matsayinsu?

Ban ce a sauke Robinson daga kan gaba ba. A welta ba a taɓa ganin wanda ya haɗa sauri da ƙarfi da basira kamarsa ba, kuma Armstrong da Leonard sun cancanci kujerun da ke kusa da shi. Abin da nake ƙi shi ne ma'aunin da ake amfani da shi wajen cike sauran jerin. Ƙirga kambu ba ya aiki, domin yau ƙungiyoyi huɗu ne ke raba kambu a aji guda, a da kuwa ƙofa ɗaya ce, kuma mabuɗinta na hannun mutanen da ba gwaninta suke dubawa ba. Tarihin da babu faɗuwa a ciki ma ba hujja ba ne, domin wanda ke dambe sau biyu a shekara da abokan karawar da ya zaɓa ba daidai yake da wanda ya tari Holman Williams sau bakwai ba. Yawan kuɗi da yawan masu kallo a talabijin kuwa shaida ce ta kasuwa.

Tambayoyin da suka dace su ne: wa ya doke, kuma a wane lokaci na ƙarfin wancan? Shekara nawa ya yi yana cin na ƙwarai? Me ya yi da ya haɗu da wanda ya fi shi jiki? Da wannan awo, Nápoles da Griffith da Gavilán suna cikin goman farko na welta a kowane zamani, kuma Nápoles na iya zama a cikin biyar ba tare da an yi masa alfarma ba. Rodríguez yana kafaɗa da kafaɗa da Griffith, tunda turmi 55 sun kasa raba su a fili. Burley ba shi da kambun da za a nuna, amma yana da shaidar Archie Moore da ta Eddie Futch, mutanen da suka ƙare rayuwarsu a cikin wannan sana'a, ɗaya ya ɗanɗani hannunsa, ɗaya ya yi shekaru yana auna gwanaye da ido.

Wanda ke son ya yi wa kansa hukunci, fina-finan yawancin waɗannan karawa suna nan a intanet. Ya samu na Nápoles da Cokes, ko ɗaya daga cikin na Griffith da Rodríguez, ya kalli turmi guda sau biyu. A karo na farko ya bi hannaye kamar yadda kowa ke yi. A karo na biyu ya sa ido a kan ƙafafu da kai, ya ƙirga naushin da aka kai bai samu ba, ya kuma lura da abin da ya biyo bayan kowanne. A nan zai ga yawan tunanin da ke cikin minti uku, ya gane cewa kowace gocewa shawara ce da aka yanke a ƙasa da daƙiƙa, a gaban mutumin da ke iya raba shi da hankalinsa. Mutanen da suka yi shekara goma sha suna yanke irin wannan shawara daidai, a kan mafi hatsarin abokan karawa na zamaninsu, manyan gwanaye ne, kuma haƙƙinsu ne a kira su da wannan suna.